Sharhin Bayan Labarai: Ɗorawa da Madobiya, Dangi Ɗaya, Rabo Daban

Sharhinmu na yau ya nufi kudancin jihar Kano, ƙasar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Kiru da Bebeji da Tudun Wada, har ta dangana da duwatsun Riruwai a Doguwa. Itatuwa biyu za mu jera, ɗorawa da madobiya, mu dubi danginsu, mu dubi mazauninsu, sannan mu dubi halin da kowacce ke ciki a yau da abin da ya kai ta ga wannan hali.

Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Dangora zuwa Saminaka tsakanin ƙarshen hunturu da shigowar bazara zai gan su ba sai an nuna masa ba. A gonakin da aka kwashe amfani, ga ɗorawa nan tsaye da faffaɗan kai, jajayen tuntunta na reto daga rassa. In ya wuce Tudun Wada ya kutsa dajin Falgore, sai ya hangi wata bishiya da ta kaɗe ganyenta kaf, ta lulluɓe rassanta da fure rawaya, ƙudan zuma na ta kaiwa da komowa. Wannan ita ce madobiya.

Mu fara da dangantaka. Masana ilmin tsirrai ba tsayi ko kauri suke dubawa wajen raba itatuwa ba. Fure da 'ya'ya suke bi, a zamanin nan kuma har da ƙwayoyin gado. Da wannan ma'auni, ɗorawa da madobiya 'yan gida ɗaya ne, wato dangin wake, dangin da ke zuba 'ya'yansa a cikin kwanso. Babban gida ne, mai nau'in tsirrai kusan 20,000, na uku a girma a cikin duk tsirrai masu fure a duniya. Wake da gyaɗa da gujiya da waken suya duk 'yan gidan ne, haka tsamiya da gawo da bagaruwa da ƙirya da kawo da doka da taura, har da baban rini.

Sai dai su biyun 'yan uba ne, kowacce da ɗakinsu. A sabon tsarin da masana suka fitar a 2017, an kasa dangin wake ɗaki shida. Ɗorawa tana ɗaki ɗaya da gawo da bagaruwa da ƙirya, masu ƙananan furanni da ke cure wuri guda. Tuntun ɗorawar nan da muke gani dunƙule ne na ƙananan furanni ɗaruruwa, har su haura dubu. Da almuru yake buɗewa, ya kwana yana tsatsafo da ruwa mai zaƙi, jemagu su zo sha, su kwashi garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Da safe ƙudan zuma su ƙarasa. Saboda haka manomin da ke jiran kalwa yana cin moriyar jemage, ko ya sani ko bai sani ba.

Ita kuwa madobiya ɗakinsu ɗaya da wake da baba. Abin mamaki ma, binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa gyaɗar da muke shukawa 'yar'uwarta ce ta kusa, ta fi kusa da ita a kan ɗorawa nesa ba kusa ba. Ɗauki furen gyaɗa ka kara da na madobiya, za ka ga fasali ɗaya, launi ɗaya. Kamar gyaɗar kuma, saiwarta tana da 'yan ƙulle-ƙullen da ke ɗauko sinadarin taki daga iska su ajiye a ƙasa. Kwansonta faifai ne mai fukafuki a kewaye da tsinkayen ƙaya a tsakiya, galibi da ƙwaya ɗaya tak, iska ke ɗaukarsa ta watsa. Na ɗorawa kuwa dogo ne, yana fitowa tuli guda, cike da gari mai zaƙi da kalwa jere a ciki, mutane da dabbobi ke yaɗa shi.

A littattafan kimiyya, ɗorawa ita ce Parkia biglobosa. Wani masanin tsirrai ɗan Birtaniya, Robert Brown, ya raɗa wa jinsinta suna a 1826 don tunawa da Mungo Park, matafiyin da ya rasu a Bussa a 1806, kuma bayanin ya fito ne a ƙarshen littafin tafiyar Denham da Clapperton, Clapperton ɗin da ya shigo Kano a 1824. Madobiya ita ce Pterocarpus erinaceus, sunan da wani Bafaranshe mai suna Poiret ya ba ta a 1804.

Sai batun mazauni. In taswira ka duba, kusan ƙasa ɗaya suke ci. Ɗorawa ta bazu daga Senegal har Sudan ta Kudu da arewacin Uganda. Madobiya ta tashi daga Senegal ɗin ita ma, ta kai Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Dukkansu suna son ƙasar da ke samun ruwan sama madaidaici da dogon rani, irin tamu ta kudancin Kano, inda ruwan shekara ke kaiwa wajen milimita 1,000, fiye da abin da Ɗambatta ko Kunchi ke samu a arewacin jihar.

Amma in ka sauka ƙasa da ƙafarka, sai ka tarar ba sa zama tare. Ɗorawa bishiyar gona ce. Ta fi son ƙasa mai zurfi inda saiwarta za ta nutsa, kuma ƙasa mai zurfi ita ce manomi ke nomawa. Da kakanninmu suka zo saran daji, sun kwantar da komai suka bar ta, ita da kaɗanya da tsamiya da kuka. Madobiya bishiyar dawa ce. Tana jure tsakuwa da marmara da gangaren dutse, kaurin ɓawonta kuma yana kare ta daga gobarar daji in ta girma. Maƙwabtanta su ne doka da marke da taura da ɗinya da kawo da maɗaci, kuma wurin da suka fi taruwa a jiharmu shi ne Falgore.

Wannan daji ya kai kimanin hekta 92,000, ya shafi Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a 1969 kuma, zamanin mulkin Audu Bako, aka mayar da shi gandun namun daji. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, wadda kuma take shayar da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Saiwar itatuwan Falgore ce ke riƙe ƙasar gangaren. In suka tafi, ruwan sama zai kwashi yashi da laka ya juye a Tiga, mai tumatir a Kadawa ya ji a jikinsa ko da bai taɓa ganin madobiya ba.

Yanzu sai mu zo ga zancen da ya fi damun mu. Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, tana da wani kundi da ake kira Jan Kundi, inda take jera dabbobi da tsirrai bisa kusancinsu da ƙarewa. Matakin ƙasa shi ne na waɗanda ba a fargaba a kansu. Sai na dab da haɗari, sai na masu rauni, sai na cikin haɗari, sai na mummunan haɗari, daga nan sai ƙarewa. Ɗorawa tana matakin ƙasa, cikin waɗanda ba a fargaba a kansu. Kaɗanya da kawo da maɗaci suna cikin masu rauni. Madobiya kuwa tun 2018 aka sa ta a matakin cikin haɗari.

Me ya kai ta can? Kyan katakonta. Zuciyar icen ja ce mai duhu, mai nauyi, gara ba ta cin ta, tana ɗaukar sheƙi in an goge. A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'adar ƙera kujeru da gadaje na alfarma da jajayen katakai, kuma madobiya na cikin jerin itatuwan da hukumarsu ta amince da su a wannan sana'a tun shekarar 2000. Da irin waɗannan itatuwa suka yi ƙaranci a kudu maso gabashin Asiya, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Daga wajen 2010 aka far wa dazuzzukan Gambiya da Kasamas ta Senegal da Gini Bisau, aka gangaro Ghana da Togo da Binin. Ana gama da wannan ƙasa sai a tsallaka waccan, har aka iso Nijeriya, wadda cikin 'yan shekaru ta zama kan gaba wajen fitar da wannan katako. Kogi da Binuwai da Taraba da Adamawa sun ga abin da idonsu. Mutanen Taraba, inda ake kiran icen Madrid, sun ga manyan motoci suna fita da gungume dare da rana, har saran ya taɓa gefen gandun Gashaka Gumti.

Alƙaluman suna da tayar da hankali. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya bayyana a 2016 cewa, a cikin duk kayan daji da aka kama ana fasa-ƙwaurinsu tsakanin 2005 da 2014, jajayen katakai ne suka ɗauki kashi 35 cikin 100 na darajar kuɗin, sun zarce hauren giwa. A 2017 ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta ba da rahoton cewa gungumen madobiya kimanin miliyan 1.4 daga Nijeriya, na dala miliyan 300, sun shiga Sin ba bisa ƙa'ida ba.

Duniya ta yunƙura, amma a makare. Akwai yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wadda Nijeriya ke ciki tun farkonta. A taronta na Johannesbag a 2016 aka sa madobiya a jerin da ba a fitarwa sai da izini da shaidar cewa saran ba zai cutar da irin ba, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A 2022 takunkumin ya game ƙasashen da take fitowa, a ƙarshen shekarar kuma taron Panama ya ƙara kawo da maɗaci a jerin.

To amma jama'a, takardar CITES a bakin tashar jirgin ruwa take tsayawa. Ba ta san gatarin da ke shiga daji da asuba ba, ba ta san ramin gawayi ba. Madobiya tana yin gawayi mai kyau, kuma buhunan da ke jere a bakin hanya suna jiran motar birni daga wani daji suka fito. Ganyenta abinci ne mai ƙarfi ga shanu a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, shi ya sa ake datse rassanta shekara bayan shekara, daidai lokacin da take ɗauke da iri. Gobara ta bi ta ƙone 'yan tsiron da suka fito, sabuwar gona ta cinye gefen daji. Ga ta kuma da jinkirin girma, sai ta shekara da yawa kafin ta kai a kira ta bishiya.

Tambayar ita ce, ɗorawa ma ai tana ƙonuwa, tana yin gawayi, ga ta a fili kowa na gani. Me ya hana gatari hawa kanta? Amsar a bayyane take: tana da mai ita. A Kiru ko Bebeji, yaro ma ya san wannan ɗorawar ta gidan wane ce. Ana ambatonta in za a ba da aron gona ko jingina, ana lissafa ta in za a raba gado. Dawa da gero ba sa yin kyau a ƙarƙashin inuwarta, amma manomi ya haƙura, don ya san abin da take biyansa. Bishiya ɗaya mai ƙarfi tana iya ba da kilo 25 zuwa 100 na kwanso a shekara. Garin ya shiga kunu da bakin yara a daidai lokacin da rumbu ya fara sauka. Ɓawon ya zama makuba, a yi daɓe da shafen katanga. Kalwar kuwa iyayenmu mata su dafa ta kwana guda, su surfa, su wanke, su sake dafawa, su rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, su kirɓa, su shanya. Daddawar nan kusan kashi ɗaya cikin uku nata sinadarin gina jiki ne, kuma kuɗinta ya yi wa 'ya'ya mata da yawa kayan ɗaki. Yarbawa na ce mata iru, Mali da Burkina Faso sumbala, Senegal netetu.

Madobiya ba ta da wannan gata. A takarda ta gwamnati ce, a aikace ta wanda ya riga kai gatari ce. Wanda ya bar ta yau ba shi da tabbacin zai same ta gobe, don haka kowa gaggawa yake. Wannan ba sabon gani ba ne. Binciken itacen girki a Kano da Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka wallafa a 1990 ya gano cewa itatuwan gonakin da ke kewaye da birni, inda jama'a suka fi cunkoso, suna nan ana tattalinsu, yayin da motocin itace ke ƙara nisa zuwa dazuzzuka. Inda itace ke da mai shi ya tsira, inda ba shi da kowa aka yashe.

Kada kuma matsayin ɗorawa a Jan Kundi ya sa mu barci. Wancan hukunci na faɗin Afirka ne, bai auna gonar kowa a Tudun Wada ba. Iyayena manoma, ku zagaya gonakinku ku ƙirga. Ɗorawa nawa ce tsohuwa, nawa ce matashiya? A da gona tana hutawa ta zama saura, tsiro ya samu shekarun tasowa. Yanzu ba hutu. Garmar shanu da tarakta suna tuge shi, maganin feshi yana ƙone shi, wanda ya tsira akuya ta cinye da rani. Kwanson ma ana kakkaɓe shi tas, wani lokaci tun bai nuna ba. Tsofaffin kuwa kauci yana cin su, iska tana kayarwa, darbejiya na maye gurbinsu. Tsadar kalwa ta sa mata da yawa sun koma daddawar waken suya. Ɗorawa takan kai shekara 8 zuwa 10 kafin ta fara haihuwa sosai, saboda haka giɓin da muka bari yau 'ya'yanmu ne za su faɗa cikinsa.

Mafita tana kusa, a wajen 'yan'uwanmu Hausawan Nijar. A Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba, toho suke kowace shekara ana sarewa. Manoma suka fara zaɓen toho mafi ƙarfi su bari, su rage sauran, abin da suke kira sassaben zamani. Abin ya kama ne sosai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, a ƙasar da ruwanta bai kai namu ba. Madobiya kuwa tana cikin itatuwan da kututturensu ke toho da ƙarfi.

Saboda haka, iyayena manoma, in kun zo sharar gona ku bar tohon madobiya a kan iyaka, ku rena shi ya zama naku. Kowace tsohuwar ɗorawa a yi mata magajiya: a jiƙa kalwa a ruwan zafi ta kwana, a shuka da saukar damina, a kewaye da ƙaya, a kauce mata ranar feshi. Iyayenmu mata, ku kuka san bishiyar da kalwarta ta fi kyau, ku ware mudu ɗaya na iri kafin a ɗora tukunya. 'Yan'uwana makiyaya, a rage reshe a bar reshe, kada a taɓa kan bishiya, don shanun baɗi ma za su ci. Masu gawayi da masu injin yanka, mun san neman halali ne ya kai ku daji, amma sana'ar da ta cinye jarinta ba ta daɗewa. Ku ƙyale uwayen iri, kada ku ƙone kututture.

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai da masu unguwanni, maganarku tana da nauyi a kan gobarar daji da kakkaɓar ɗanyar ɗorawa. Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa kuma, buƙata uku ce. A haɗa kai da jami'o'inmu a ƙirga madobiyar da ta rage a Falgore, a san manya nawa, ƙanana nawa. A sa ɗorawa da madobiya a gandayen renon dashe, kada rabon kowace shekara ya tsaya kan baƙin itatuwa. Sannan a ba ƙauyukan gefen daji rabo bayyananne a cikinsa, na zuma da ganyen dabbobi da tara iri da aikin tsaro, a kuma rubuta a doka cewa wanda ya rena madobiya a gonarsa shi ke da ita.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Cikin 'yan shekaru Taraba ta yi asarar abin da zai ɗauki zamani kafin ya dawo. Mu har yanzu muna da uwayen iri a tsaye, a daji da gona. A nema wa madobiya mai ita, a nema wa ɗorawa magada, kuma a fara a daminar bana.

Sharhin ke nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa na baya fiye da abin da muka tarar.